Daga "Mask" Zuwa Takunkumi

Yau kam ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin wata kalma ce da ta shigo mana gida a shekarar 2020 ba ko sallama.

Duk wadda ke zaune a Kano a lokacin ba za ta manta ba. Ranar 27 ga Fabrairu aka ce an sami mai korona na farko a Legas, ranar 11 ga Afrilu aka ce ta iso Kano, kafin mako ya zagayo an kulle gari. Mu da muke Gyaɗi-Gyaɗi, Titin Zariya da ko tsakar dare ba ya rabuwa da mota sai ga shi tsit, sai jiniyar motar asibiti. Azumi ya kama muna kulle. Daga baya aka riƙa buɗe mana Litinin da Alhamis mu yi cefane, da sharaɗin kowa ya rufe hanci da baki. 'Yan boko suna ce wa abin rufewar "face mask", yaran unguwa suka mai da shi fesmas, gidajen rediyo kuwa suka ce takunkumi.

A nan rigima ta tashi a gidanmu. Na sayo guda biyar a bakin kasuwar Tarauni, na durƙusa na miƙa wa surukata ɗaya, na ce, "Hajiya, ga takunkumin, in za ki fita sai ki sa."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, ni jaka ce?"

Wallahi na rasa bakin magana. Tsohuwa mai hawan jini da ciwon suga, ga shi kullum sai an aiko da rasuwar wani dattijo, amma ta ce ita da wannan abu haihata-haihata. Kuma fa ba ƙarya ta yi ba. Takunkumi a wurin Bahaushe ɗan saƙin igiya ne da ake ɗaure wa jaki ko raƙumi ko sa a baki, don kada ya ci amfanin gonar mutane ko ya yi cizo. Hajiya a ƙauye ta tashi, da hannunta ta sha ɗaura wa jakin babanta. Ma'anarsa ta biyu ma ba ta daɗi ba ce. Iyayenmu sun sha ji a rediyo an ƙaƙaba wa Iraƙi takunkumi a 1990, an sa wa Libya a 1992, mu ma Nijeriya an sa mana namu a 1995, zamanin Abacha, bayan rataye su Ken Saro-Wiwa. Kin ga ke nan ko dabba ake sa wa, ko mai laifi.

Abin ya tsaya mini a rai, har na tambayi ƙanwata da ta karanta Turanci a Jami'ar Bayero, na ce shin ita kalmar Turawan me take nufi tun asali? Ta buɗe mini wani ƙamus mai kaurin tubali. Ashe su ma tasu ba ta da asalin kirki!

Turawan Ingila sun aro "mask" ne daga Faransanci wajen shekarun 1530, su kuma Faransawa daga mutanen Italiya masu cewa "maschera". Daga nan sai masana suka rabu. Wasu suka ce tushenta "masca" ce ta tsohon Latin, wadda ta fito a cikin dokokin wani sarki mai suna Rothari da ya yi mulki a Italiya, a shekara ta 643, kuma ma'anarta a can mayya. E, mayya dai da kika sani, mai cin mutane. Wasu suka ce a'a, daga Larabci ne, "maskhara", wato abin dariya ko wawan da ake yi wa izgili. Ko wanne aka ɗauka, abin da Bature ya fara kira da wannan suna fuskar ƙarya ce, irin wadda ake sawa a wurin rawa da wasan kwaikwayo don kada a gane mutum. Shi ya sa har yau in suka ce wane ya cire "mask" ɗinsa, suna nufin asirinsa ya tonu, halinsa na gaskiya ya fito. Mu da muke rubuta littafi mun san irin waɗannan mutane, su ne samarin da ke zuwa zance da motar aro.

Wani abin da ya ba ni dariya, maskarar da muke shafa wa gashin ido ranar biki, ita da "mask" uwa ɗaya uba ɗaya ne. Don haka amarya, ki sani.

Shigar kalmar asibiti kuwa ba ta daɗe ba. A 1897 ne wasu likitocin tiyata biyu, Mikulicz a garin Breslau da Paul Berger a Paris, suka fara ɗaura ƙyalle a baki lokacin aiki, bayan an gano cewa ɗan yawun da ke fita in mutum na magana yana ɗauke da ƙwayar cuta. A 1910 annoba ta ɓarke a Manchuria, arewacin ƙasar Sin, wani matashin likita mai suna Wu Lien-teh ya ce ta numfashi ake ɗauka, ya haɗa auduga da yadi mai shara-shara ya sa ma'aikata suka ɗaura. Da murar 1918 ta game duniya, har doka aka yi a birnin San Francisco na Amurka, wanda bai sa ba a ci shi tara ko a kulle shi. Can ma mutane sun yi bore. Ashe taurin kan ba namu ne mu kaɗai ba.

To amma ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mu Hausawa ai ba baƙin rufe fuska ba ne, kuma a wurinmu rufewar daraja ce, ba ɓoye mugun nufi ba. Dubi amawalin sarki. Duk wadda ta taɓa zuwa kallon hawan Daushe ko hawan Nassarawa ta ga yadda ake jawo gefen rawani ya rufe haɓa da baki. Marigayi Alhaji Ado Bayero ya yi shekara 51 a kan gadon sarauta, daga 1963 zuwa 2014, da yawanmu mun girma da hotonsa a bangon ɗaki, idanu kawai da hanci. Wa ya isa ya ce wa wannan takunkumi? Dubi Buzaye, su mazansu ne ke rufe fuska, matan a buɗe, kuma namiji ya bar bakinsa a waje gaban surukinsa abin kunya ne babba. Baƙin yadin nan mai sheƙi da suke naɗawa, mai barin shuni a fata, a ƙasar Kano ake rina shi a buge shi, musamman a Kura. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda kayan rinin Kano ke ratsa Sahara. Wato mun daɗe muna sayar wa wasu abin rufe fuska.

Mu mata kuma namu ya fi yawa. Ga lulluɓi, ga mayafi, ga gyale, kowanne da inda yake tsayawa. Amarya ana kai ta a lulluɓe ruf, ba mai ganin fuskarta sai an sayi baki, daga baya a yi buɗar kai. Bazawara ba ta wannan. Yarinya ta ga surukinta a hanya, ta ja gefen mayafi ta kare baki, ba wanda ya koya mata a aji. Nikabi ya zo daga baya ta hannun makarantun Islamiyya da masu dawowa daga Makka, da sunansa na Larabci. Shi ma ya ga tasku, don a watan Yulin 2014, lokacin da aka riƙa turo 'yan mata da bam a Kano, mai dogon hijabi ma kallon tsoro ake yi mata balle mai nikabi. A 2015 Chadi ta hana shi ɗungurungum, aka hana a yankin Diffa na Nijar. Faransa tun 2011 ta fara cin tarar mai sa shi a titi, sai ga 2020 ta zo tana cin tarar wanda bai rufe ba. Ikon Allah.

Irin fuskar ƙaryar da Bature ke nufi ma muna da ita, amma da sunanta daban. Maharbi yana ɗaura burtu a goshi ya yi rarrafe don namun daji su zaci tsuntsu ne. Yara 'yan tashe suna manna gemun auduga in azumi ya kai goma. Ɓarawo yana ɓad da kama. Ba mu taɓa haɗa waɗannan da amawali a suna ɗaya ba.

Duk da wannan arzikin kalmomi, da aka tashi raɗa wa abin ceton rai suna sai aka ɗauko na bakin jaki. Ban ce sunan kaɗai ya hana mutane sawa ba, akwai zafin Afrilu, akwai masu cewa cutar ta masu hawa jirgi ce, akwai rashin yarda da gwamnati. Amma a ganina ya taimaka, kuma abin ba wasa ba ne. A watan Yunin shekarar Ministan Lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga rasuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano a 'yan makonnin nan, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Yawancinsu tsofaffi, sa'o'in Hajiya.

Ƙarshenta dabara na yi. Na ɗauki ragowar wani leshinta fari, na kai wa telar layinmu ta yi masa shafi biyu na yadin auduga a ciki, ta sa masa igiyar ɗaurewa a ƙeya maimakon roba. Na goge, na turara shi da turaren wuta, na ninke a faranti. Na ce, "Hajiya, ga amawali na sa an ɗinka miki, irin na gidan Dabo."

Ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Ja'ira, kin ɗauka ban gane ba ne?"

Ta ɗaura, ta ce in miƙo mata madubi.