Waƙoƙin Bishara a Ƙasar Karaye da Rogo

Waƙoƙin bishara su ne waɗanda Kiristoci ke rerawa don yabon Allah da ba da labarin Yesu Almasihu, a cikin majami'a ko a wajenta. A arewacin Nijeriya galibinsu da Hausa ake yin su, domin ita ce ta zama harshen sujada ga ƙabilu masu yawa, daga Filato da kudancin Kaduna har Gombe da Adamawa. Ga mafi yawan waɗannan masu sujada, Hausa harshen kasuwa ce da coci, a gida kuwa wani harshe suke yi. Ba haka abin yake ba a yammacin jihar Kano, ƙasar Karaye da Rogo, inda garin Falgore yake, dab da iyakar Katsina da Kaduna. Musulmi ne mafi rinjaye a yankin nesa ba kusa ba, amma a ƙauyuka da gidajen gona akwai Hausawa Kiristoci, akasarinsu jikokin Maguzawa, waɗanda da Hausa suka buɗe baki kuma ba su da wani harshe sai ita.

Kafin zuwan bishara, Maguzawa mutanen kiɗa ne. Gangar noma ce ke zuga samari ranar gayya, makaɗi na biye da su kunya-kunya yana kiran kowa da kirarinsa. Mata suna da shantu da kiɗan ƙwarya a bikin aure da suna. Garaya kuwa ta bori ce da mafarauta. Kusan duk waƙoƙin ginin su ɗaya ne, wato mai bayarwa ya ja baiti, jama'a su karɓa da amshi, a yi ta juyawa har abin ya ratsa kowa.

'Yan mishan sun daɗe ba su sami shiga ƙasar Kano ba. A 1900 ayarin Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS ya isa birnin, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Walter Miller, ya zauna a Zariya daga 1905. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa, mabiyan wani malamin Kano da aka kashe a ƙarni na 19, suka nemi Miller, aka kafa ƙauyen Kiristoci a Gimi, ta wajen Maƙarfi, wanda ba shi da nisa da ƙasar Rogo. Ciwon barci ya watsa wannan zama, kuma a 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A cikin shekarun 1930 ne kuma Turawan mulki suka sassauta wa ƙungiyar SIM, ta karɓi aikin jinyar kutare a wurare irin su Yadakunya, daga nan masu bishara suka fara ratsa karkarar Kano da Katsina.

Abin da suka zo da shi na rerawa shi ne Littafin Waƙoƙi, tarin waƙoƙin Ingila da Amurka da aka mayar da Hausa. Kowace waƙa da lambarta, da ayoyinta a jere, wasu da korus. Mai jagorar sujada zai kira lamba, kowa ya buɗe, a miƙe tsaye a rera tare daga farko har ƙarshe. Littafin ya yi aiki babba. Da shi mutane da yawa suka ƙware a karatun boko, da shi kuma mutumin Kagoro da na Biliri da na Malumfashi suka iya haɗa murya a taro ɗaya ba tare da sun taɓa ganin juna ba. Amma yana da nakasu wanda kunnen Bahaushe ba ya kuskurewa. Hausa tana tafiya ne da hawa da saukar murya, da kuma tsawo da gajartar gaɓa, kuma a kan wannan aka gina karin waƙarta, ta baka da rubutacciya. Masu fassara sun ƙirga gaɓoɓi ne kawai don su cika gurbin karin Turawa. Sai a ja gaɓar da ya kamata a datse, a ɗaga muryar da ya kamata ta sauka. Ga wanda ya koyi Hausa da girmansa wannan ba wani abu ba ne. Ga tsohuwar da ta tashi tana jin shantu, waƙar tana da tsarki amma ba ta shiga jiki.

Ga kuma batun ganga. Mishan na farko da dattawan da suka horar sun ɗauki kiɗan gargajiya abokin tafiyar bori da burkutu, saboda haka aka rufe masa ƙofa. Wasu sababbin tuba ma sun fi Turawan tsanani a kan haka, domin sun san abin da garaya ke kira, ba labari aka ba su ba.

Mata ne suka sauya lamarin. Zumuntar Mata, wadda ta tsiro tun zamanin mishan ta kuma bazu a ikilisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954, da sauran ikilisiyoyi masu sujada da Hausa, ita ce ta mayar da amshi cikin majami'a. Kayan kiɗanta na cikin gida ne, waɗanda ba wanda zai ce na tsafi ne. Babbansu tulu. Mace za ta zauna ta ajiye shi gabanta, ta riƙa dukan bakinsa da faffaɗan soso, yana ba da amo mai zurfi wanda ake ji a ƙirji. Wata na kaɗa caki, wata na buga kuge, sauran suna tafi cikin zane iri ɗaya. Mai bayarwa takan ɗauki labari guda, na ɗa mubazzari ko na Ayuba, ta warware shi baiti-baiti da maganar yau da kullum, tana sako gargaɗi ga maigidan da ke kwana a gidan giya ko uwar da ta hana 'yarta makaranta. Lokacin baiko, layi kan taso daga baya ana takawa a hankali har gaban bagadi, guɗa na tashi. A nan ne waƙar coci ta zama ta Hausa da gaske, domin kari ne ke bin magana, kuma matar da ba ta san baƙi ba tana iya haddace nassi ta wannan hanya.

Maza da matasa sun biyo baya ta ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda ta fara a farkon shekarun 1960. 'Yan Sabon Rai kan fita wa'azi ƙauye-ƙauye da ganguna, su tara jama'a da waƙa kafin mai bishara ya yi magana. Rediyo ma ya taimaka. Tashar ELWA ta Laberiya, wadda ta fara aiki a 1954, da Muryar Bishara da ke watsowa daga Addis Ababa tsakanin 1963 da 1977, duk suna da shirye-shiryen Hausa da ake haɗawa a Jos, kuma akwatin rediyo ya kai su gidajen da fasto bai taɓa takawa ba.

Daga shekarun 1970 Maguzawa da yawa suka bar addinin kakanni, wasu suka musulunta, wasu suka shiga ECWA, Katolika, Baptis ko Anglikan. Waɗanda suka shiga coci a lokacin sun tarar an riga an buɗe wa kiɗa ƙofa, sai suka shigo da abin da suka iya, har da salon gangar noma. Yawansu a wannan yanki ya kai cocin Anglikan ta kafa diyosis guda a Bari, cikin ƙasar Rogo.

Kaset ya yaɗu a shekarun 1980, tare da jita da piyano na lantarki. Daga nan aka fara samun mawaƙan bishara da ake sani da sunansu. Panam Percy Paul, mazaunin Jos, ya buɗe hanya, ko da yake yawancin waƙoƙinsa da Turanci ne. A shekarun 2000 Jeremiah Gyang ya fito da “Na Ba Ka”, wadda ta tsallaka har gidajen rediyon Legas, Solomon Lange kuma ya yi suna da “Na Gode”. A baya-bayan nan “Ga Shi Nan” ta Kaestrings ta shiga bakin matasa har da waɗanda ba sa jin Hausa. Irin waɗannan ne ake lissafawa idan shekara ta ƙare ana zaɓen fitattun waƙoƙi, kuma kusan dukkansu daga Jos, Kaduna ko Abuja suke fitowa, inda ɗakunan ɗaukar sauti da masu zuba kuɗi suke. Hausarsu mai sauƙi ce, jimloli kaɗan ana maimaitawa, sau da yawa gauraye da Turanci, don ta isa ga kowa.

Waƙar ƙauyukan Karaye da Rogo ba ta shiga wannan lissafi, kuma asara ce ga harshen kansa, domin a cikinta ake samun karin magana, habaici da kalmomin noma waɗanda mawaƙin birni bai gada ba. Ma'auninta dabam ne. Waƙar da ta yi fice a shekara ita ce wadda wata zumunta ta kawo babban taron mata ko bikin godiya bayan kaka, sauran suka ɗauka suka koma da ita majami'unsu, kafin Kirsimeti an ji ta a ko'ina. Ba kasafai ake riƙe sunan wadda ta tsara ta ba. A yanzu matasa kan ɗauki irin waɗannan waƙoƙi da waya a wurin taro, su tura wa juna ko su kai wa masu tura waƙa a kasuwa. A sujadar Lahadi kuwa yawanci Littafin Waƙoƙi ke buɗe taro, zumuntar mata da 'yan Sabon Rai su karɓa a tsakiya, matasa su kawo waƙoƙin Jos da Kaduna da suka koya daga waya.