Tarihin gano ƙofofin fotasiyam masu jin miƙewa a ratinar ido

An daɗe ana ɗaukar ratina, wato tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, a matsayin mai aikin karɓar haske kawai. Binciken shekaru arba'in ya nuna cewa ƙwayoyin halittarta suna jin ja da matsi, kuma ƙofofin fotasiyam na cikin hanyoyin da suke kare kansu da su. A 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann na Jamus suka auna lantarkin da ke ratsa ƙofa guda a fatar ƙwayar halitta da siririn bututun gilashi, aikin da ya kai su ga lambar Nobel a 1991. Da wannan dabara Guharay da Sachs suka gano a 1984, a tsokar ɗan tsako, ƙofofin da ke buɗewa idan fatar ta ɗame kamar ta ganga.

A 1991 Donald Puro ya kawo batun cikin idon mutum. Ya nuna cewa idan aka miƙa ƙwayoyin Müller, masu tallafe jijiyoyin ratina, kalsiyam na shiga, sai ya buɗe ƙofofin fotasiyam. A hasashensa, fotasiyam na fita, ruwa na bin sa, ƙwayar da ta kumbura ta sace. Wannan bayani ne mai gamsarwa, domin kumburi na cikin manyan abubuwan da ke lalata ratina. Daga baya ɗakin binciken Michel Lazdunski a Faransa ya gano ƙofofin fotasiyam masu jin miƙewa, TREK-1 a 1996 da TRAAK a 1998, kuma an sami TRAAK a ratina.

Masu shakka na cewa zuƙar bututu a kan ƙwayoyin da aka rena a ɗakin gwaji ba daidai take da halin ido mai rai ba. Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Sai dai a 2014 Brohawn da MacKinnon sun ware TRAAK da TREK-1, suka dasa su cikin fatar kitse zalla, suka ga miƙewa kaɗai tana buɗe su. Ke nan jin ja ɗabi'ar ƙofar ce da kanta. Ratina kuwa tana miƙewa da gaske, idan ta kumbura, idan tabo ya ja ta, ko idan hawan jinin ido ya danne wurin da jijiyar gani ke fita.

Duk da haka ilimin bai zama magani ba tukuna. Ga mai hawan jinin ido, rage matsin idon ne kaɗai maganin da aka tabbatar yana kare gani.