Mabiya Katolika da Jam'iyyun Siyasa: Tarihin Tambayar daga Unguwar Apo

Unguwar Apo, wadda take kudu da tsakiyar birnin Abuja, ta tara jama'a iri biyu waɗanda tambayar ko ya dace mabiyan Katolika su jingina da jam'iyya guda ta fi shafa. A gefe ɗaya akwai rukunin gidajen da aka gina wa 'yan Majalisar Tarayya, aka kuma sayar musu a zamanin Shugaba Obasanjo. A ɗaya gefen kuma akwai kasuwar kanikawa da masu sayar da kayan gyaran mota, inda 'yan kasuwa Ibo suke da yawa, da dama daga cikinsu 'yan Katolika. Ba da nisa ba, a Durumi, Sakatariyar Katolika ta Najeriya take, wato ofishin da Majalisar Bishop-bishop take gudanar da harkokinta, don haka mai neman ƙuri'a da mai jefa ta da mai yi wa mai jefa ta wa'azi duk maƙwabtan juna ne.

Tambayar ta girmi Najeriya. A 1868 fadar Fafaroma ta shawarci Katolikan Italiya da su ƙaurace wa zaɓen majalisa, ba a kuma janye wannan matsayi gaba ɗaya ba sai 1919, shekarar da Fada Luigi Sturzo ya kafa jam'iyyar da ta tattara Katolika. A Jamus kuwa tun 1870 suke da jam'iyyarsu ta Zentrum. Babban taron Vatican na biyu, wanda aka rufe a 1965, shi ne ya karkata akalar cocin zuwa ga ra'ayin cewa masu bi za su iya saɓawa a kan siyasa ba tare da wani ya ce cocin na bayansa shi kaɗai ba.

A Najeriya ba a taɓa samun jam'iyyar Katolika mai tasiri ba, kuma karon farko da aka ji nauyin ƙuri'arsu a fili, makaranta ce ta jawo. Lokacin da gwamnatin NCNC ta Jihar Gabas, ƙarƙashin Nnamdi Azikiwe, ta fito da shirin ilimin firamare kyauta a 1957, shugabannin cocin sun ga cewa shirin zai tauye makarantun mishan, sai suka tayar da mabiya, aka yi zanga-zanga, har jam'iyya mai mulki ta gane cewa ba za ta raina su ba. Abin lura a nan shi ne ba su kafa jam'iyya ba, matsa lamba suka yi a kan buƙata guda, kuma wannan salo ne ya ɗore. Daga baya doka ta rufe ƙofar baki ɗaya, domin sashe na 222 na tsarin mulkin 1999 ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambari mai alamar addini ko ƙabila, dokar zaɓe kuma ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada.

Cocin ma tana da nata shingen. Kundin dokokinta na 1983 ya hana limamai riƙe muƙamin gwamnati mai iko a doka ta 285, ya kuma hana su taka rawa a jam'iyya a doka ta 287, sai fa in hukumar coci ta ga larura. Haramcin bai shafi sauran mabiya ba, waɗanda ake ma kwaɗaitar da su shiga siyasa. Sai dai aiwatar da dokar ya fi rubuta ta wuya: Fada Moses Adasu ya zama gwamnan Binuwai a 1992 a jam'iyyar SDP, Fada Hyacinth Alia kuma ya ci wannan kujera a 2023 a APC, bayan Bishop William Avenya na Gboko ya dakatar da shi daga aikin limanci a 2022. A Inugu, Fada Ejike Mbaka ya mara wa Muhammadu Buhari baya daga kan mumbari gabanin zaɓen 2015, amma da ya caccaki Peter Obi a 2022, Bishop Callistus Onaga ya hana mabiya halartar cibiyar addu'arsa. Ko janyewar da bishop-bishop suka yi na ɗan lokaci daga harkokin ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa (CAN), wadda ta fito fili a farkon 2013 zamanin shugabancin Ayo Oritsejafor, tana da nasaba da zargin kusanci da gwamnati.

Zaɓen 2023 ne ya kawo tambayar har rumfunan Apo. APC ta tsayar da Musulmi biyu, Bola Tinubu da Kashim Shettima, abin da shugabannin cocin da dama suka soka, yayin da Obi, ɗan Katolika, ya fito a jam'iyyar Labour. A Babban Birnin Tarayya Obi ya samu ƙuri'a 281,717, Tinubu kuma 90,902, Ireti Kingibe ta Labour kuwa ta kayar da Sanata Philip Aduda. Masu sharhi da yawa sun yi gaggawar kiran wannan ƙuri'ar coci, amma hujjarsu ba ta da ƙarfi, domin hukumar INEC ba ta rubuta addinin mai zaɓe, ƙidayar 2006 ma ba ta tambayi addini ba, kuma ɗan kasuwar Apo da ya zaɓi Obi yana iya yin haka saboda yare, ko tsadar kaya, ko fushin matasa da manyan jam'iyyu biyu. A Binuwai, jihar da Katolika suke da ɗimbin yawa, Tinubu ne ya rinjayi Obi da ƙyar a wannan zaɓe, makonni uku bayan haka kuma jama'ar jihar suka ba limamin da aka dakatar kujerar gwamna a ƙarƙashin tutar APC.