Tiyar Talaka da Ushirin Mawadaci a Kudancin Katsina

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtua ta ratsa Bakori zuwa Malumfashi a lokacin kaka, ya ga masara da dawa an jibge a bakin gonaki, ko ya ga manyan motoci suna lodi a kasuwar Dandume, zai yi zaton yunwa ba ta san ƙofar wannan ƙasa ba. Albarkar tsohuwa ce, domin auduga da gyaɗar wannan yanki na cikin abin da ya sa Turawa suka shimfiɗa dogo daga Zariya ta Funtua zuwa Ƙauran Namoda, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Funtua. Amma tun da fitinar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantarsu a watan Disamba na 2020, mutanen ƙauyuka da dama suka bar rumbunansu suka kwararo cikin garuruwa, galibinsu kuwa a gidajen dangi da na surukai suka sauka, ba a sansanin hukuma ba.

Na taɓa sauka wajen wani manomi a wani ƙauye kusa da Bakori cikin marka, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Ya kwashe buhunan taki daga zaurensa, ya rataya asabari a ƙofa, ya saukar da ƙanin matarsa da iyalinsa su tara. Na ga uwargida tana auna masara da tiya, ta cika ta shafe bakinta da hannu, sa'an nan ta ɗebi ɗan kaɗan ta mayar cikin buhu saboda gobe. Da na ce masa, “Malam, yaya za a kai kaka a haka?” sai ya ce, “Ai wanda ya koro su shi ya san ina nan, amma wanda ya halicce su ya fi shi sani.” Daga baya na ji ashe ya ci falle, wato ya karɓi kuɗi a kan zai biya da hatsi in an yi girbi, a farashin da mai ba da bashin ya yanka.

Malamai suna kiran wannan ɗabi'a isari, ma'ana mutum ya fifita waninsa a kan kansa alhali shi ma yana cikin buƙata, kuma da ita aka yabi mutanen Madina sa'ad da suka karɓi Muhajirai. Darajarta ba abar jayayya ba ce. Abin da nake jayayya da shi shi ne yadda muka mayar da ita madogarar al'umma, har muka manta cewa isari falala ce ta sa kai, zakka kuwa farilla ce mai ƙa'ida. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda kowane almajirin da ya karanta littafin Risala ya sani, hatsi ba ya wajabta zakka sai ya kai nisabi, wato wusƙi biyar, sa'i 300; wanda ruwan sama ya shayar a fitar da ushiri, wanda aka shayar da wahala a fitar da rabin ushiri. Shari'a ta ɗauke wa wanda bai kai wannan haddi ba nauyi, don ta san bakin rumbunsa. To, ga shi a zahiri ƙaramin manomi ne ke ciyar da baƙi goma, mai buhu ɗari biyar kuma yana jiran farashi ya hau.

Akwai wata matsala ta fiƙihu da ta shafi wannan yanki musamman. Auduga da rake da tumatir, waɗanda Funtua da Ɗanja suka shahara da su, ba sa cikin abin da Malikiyya ke fitar wa ushiri ranar girbi. Sai dai kuɗinsu, in ya kai nisabi shekara ta kewayo a kansa. Saboda haka dukiya mai yawa tana iya wucewa ta hannun mutum ba tare da miskini ya ga ƙwayarta ba, muddin mai ita bai yi wa kansa hisabi ba (masu yin hisabin kuwa, in za a faɗi gaskiya, ba su cika kasuwa ba). Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na ƙwadago suka tashi, ɗan rarar da talaka ke yin alheri da shi ya ƙara tsukewa, gayyar da ake yi wa gonar gwauruwa ko ta majinyaci ma ta ja baya, don ba a shiga gona mai nisa da rai kwance.

Kirana ga limamai da masu unguwanni da dagatai na wannan yanki, wato ƙasar Maska da ta Galadima, shi ne, su tara ushirin manyan manoma tun ranar sussuka, su rubuta gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira, su adana hatsin har zuwa marka, sa'an nan su fara rabo daga zauren da ke da asabari a ƙofa.