Daga Bikin Isawane zuwa Ajin Jami'a: Ta Ina Za a Soma Koyar da Ra'in Al'ada?

Masu iya magana sun ce, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma kuma sau da yawa ɗalibin da ya taso daga Isawane, cikin gundumar Mayahi, ko daga ƙauyukan Tasawa, in ya shiga ajin tarihin al'adu a jami'a, sai ya ga kamar an kai shi ɗakin wani. Ana jero masa sunayen masana da ra'o'insu, yana hardacewa domin jarrabawa, bai ko lura ba cewa abin da ake bayani a kansa shi ne abin da mahaifiyarsa take yi duk ranar suna ko aure. Ra'i kuwa ba wani abu ba ne illa tsararren bayani a kan dalilin da ya sa mutane suke yin abin da suke yi. Tarihin binciken da aka gudanar a jahar Maraɗi ya isa ya nuna mana ƙofar da ta dace a shigo da ɗalibai.

A shekarar 1925 ne Bafaranshen nan Marcel Mauss ya fitar da nazarinsa a kan kyauta. Bai yi bincike a ƙasar Hausa ba. Daga rahotannin wasu a kan tsibiran tekun Fasifik da Indiyawan Amurka ya tsamo hujjojinsa. Abin da ya gano shi ne, kyauta tana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a rama. Duk Bahaushiyar da ta san biki ta riga shi sanin wannan. In ta kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna, ta san za a dawo mata da ita, galibi ninki biyu, ranar da nata sha'anin ya zo. Wadda ta kasa ramawa kuwa, zumunci ne ta yanke.

Daga shekarun 1960 Guy Nicolas ya zauna cikin Hausawan kwarin Maraɗi, ya gwada ra'in Mauss a kan abin da idonsa ya gani, ya kuma fitar da littattafai a 1975 da 1986. A nan ne ra'in ya ci karo da abin da bai tanada ba. A wurin Bahaushe kyauta da kasuwa tare suke tafiya: da kuɗin gyaɗa da ribar fatauci ake yin biki, biki kuma yana ƙara wa kasuwa ciniki. Ga kuma al'adar dubu, inda a da manomin da ya samu damin hatsi dubu yakan tara jama'a ya yi rabo, ya fito da sarautar sarkin noma. Rumbunsa ya ragu, sunansa ya ɗaukaka. Abin da Pierre Bourdieu ya kira jarin martaba, bayan bincikensa cikin Kabilawan Aljeriya, shi ne Hausawa suka daɗe suna kira arzikin mutane. Emmanuel Grégoire ya ga haka wajen alhazan Maraɗi a littafinsa na 1986, Barbara Cooper kuma ta bi sawunsa cikin aure da bukukuwan mata a nata na 1997.

To, ashe ke nan ƙasarmu ta gyara wa masana ra'i. Wannan shi ne darasi na farko da ya kamata ɗalibi ya ji. Ra'i kayan aiki ne kamar hauya: ana gwada ta a gona, in ƙotarta ba ta dace da hannu ba a sassaƙe ta.

Darasi na biyu shi ne al'ada tana da tarihi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki gargajiya kamar dutse, wanda yake nan yadda kakanni suka bar shi. Faɗuwar Katsina a hannun masu jihadi a 1807 ta turo sarakunan Haɓe arewa, suka zauna tare da Anna masu buɗin daji, kowa ya ɗauki wani abu daga ɗan'uwansa. A watan Yuli na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta tarwatse a wajen Maijirgi, kusa da Tasawa. Abin da takardun Faransa suka rubuta daban, abin da tsofaffi suka riƙe daban, kuma kwatanta su biyun shi kansa darasi ne. Daga baya harajin mulkin mallaka ya tilasta noman gyaɗa, farin 1973 da na 1984 suka girgiza rumbuna, wa'azin malamai ya sauya yadda ake kallon bori da dubu. Ɗalibin da ya bi waɗannan shekaru zai gane cewa bikin da ya gani yana yaro ba shi ne wanda kakarsa ta yi ba.

Saboda haka shawarata ga malamai ita ce a juya tsarin darasi. Kafin a ambaci Mauss, a tura ɗalibi gida lokacin hutu, ya zauna da gwaggonsa ta lissafa masa gudummawar da ta bayar da wadda aka rama mata. Ya rubuto kalmomin da aka yi amfani da su: biki, gudummawa, tukwici, alheri, kunya, mutunci. In ya dawo, sai a buɗe littafi a ga inda masanin ya dace da inda ya gaza. Ƙungiyoyin raya al'adu kuwa su ne za su haɗa ɗalibai da sarakunan noma da ungozomai da maroƙa tun suna raye, su kuma ajiye muryoyin da aka ɗauka, kamar yadda cibiyar CELHTO ta Yamai ta soma tun kafa ta a 1968.

In ba a yi haka ba, za mu ci gaba da yaye ɗaliban da suka iya kawo sunan kowane masani na Turai, amma in an tambaye su ma'anar dubu sai su yi shiru. Tsofaffin da suka halarci wannan biki da idonsu kuwa, kullum raguwa suke yi a garuruwan Gulbin Kaba.