'Yan Matan Tennessee State

'Yan'uwa mazauna Kudu, yau Amurka zan kai ku.

A zamanin wariyar launin fata, jami'o'in Turawa na kudancin Amurka ba sa karɓar baƙaƙe, sai nasu na daban, kamar Tennessee State a Nashville. A 1950 Ed Temple ya fara horar da 'yan matanta masu tsere. In za su je gasa, da guzurinsu suke tafiya, don gidajen abincin kan hanya ba sa sayar musu. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai, mu da muka san zaman baƙunta.

A Olamfik ɗin Rum na 1960, ɗalibarsa Wilma Rudolph, wadda ta yi shan-inna tana yarinya, ta ciyo zinare 3. A tseren miƙa sanda kuwa, su huɗun duk 'yan makarantar ne.