Amsoshin Wasiƙunku: Dattijo Da Jirgin Ƙasa Na Wasa

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi a Ƙaura Namoda. Ya ce ƙanensa da ke karatu a Ingila ya ba shi labarin maigidan da yake haya a wurinsa, dattijo mai furfura, wanda ya yi watanni yana tara kuɗi ya sayi ɗan kan jirgin ƙasa na wasa. Ranar da aka kawo masa, hannunsa har rawa yake wajen buɗe kwalin, ya kira maƙwabta su zo su gani. Shi ne yake tambaya, shin wannan taɓin hankali ne ko rashin aikin yi? Ya ƙara da cewa shi ma yana da yaro wanda ba shi da aiki sai ƙera mota da karan dawa, ya yi dukan har ya gaji.

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Dattijon nan lafiyarsa ƙalau, kuma irinsa suna da yawa a Turai da Amurka. Amma sai mun koma baya kaɗan kafin ka gane dalilin murnarsa.

A Ingila aka haifi jirgin ƙasa. A shekarar 1825 aka buɗe layin dogo tsakanin garin Stockton da Darlington, inda kan jirgi mai aiki da kwal da tururi, ƙirar George Stephenson, ya ja taragai cike da kaya da mutane. Tun daga nan yara suka fara sha'awarsa, maƙera kuma suka shiga yi musu 'yan ƙanana na katako da na kwano. A Jamus akwai wani maƙerin kwano, sunansa Märklin, ya kafa sana'arsa a garin Göppingen a 1859. 'Ya'yansa ne a 1891 suka kai wani sabon abu kasuwar baje koli ta Leipzig, wato ɗan jirgi da ake yi wa wani kamar agogo, yana tafiya a kan dogo guntu-guntu da ake harhaɗawa. Dabarar ita ce faɗin dogon iri ɗaya ne. In ka sayi kai bana, baɗi ka ƙaro tarago, wata shekara ka ƙaro tasha, duk su dace da juna. Kai ɗan kasuwa ne, ka san wanda ya sayi kai dole ya dawo.

A Ingila kuwa, wani akawu ne a Liverpool, Frank Hornby, ya riƙa yanka kwano yana yi wa 'ya'yansa kayan wasa a gida. A 1901 sai da ya ranci fam 5 a wurin maigidansa kafin ya iya yin rajistar dabararsa. A 1920 ya fara fitar da jiragen wasa, kuma har yau ana sayar da su da sunan Hornby. A 1938 kamfanin ya fito da ƙananan da aka auna daidai, wato kowane sashe na jirgin gaske an rage shi sau 76. Na yanzu da lantarki suke aiki, suna da fitila, wasu har da jiniya. Mai kyau yakan wuce fam 100, wani ma ya haura 200, kuɗin da in an canza zai sayi buhunan masara da dama.

To me ya sa dattawa? A zamanin ƙuruciyarsu, yaran Ingila kan tsaya a bakin tasha da littafi da fensir suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya wuce, kamar yadda yaranmu suka san dokin kowane hakimi ranar hawan sallah. Kowa da gwaninsa. Sai ga shi a 1968 an daina jan jiragen fasinja na gwamnati da kwal a manyan layukan ƙasar, aka kai dubban kawuna wurin masu yanka ƙarfe. Yaron da ya tashi da ƙarar wannan jirgi a kunnensa, yau ya tsufa, abin da ya rage masa shi ne ya samu ƙaraminsa ya ɗora a tebur. Wani ma ubansa ne direba ko mai zuba kwal. Ka ga ashe ƙuruciyarsa da mahaifinsa yake tunawa.

Cikin kawunan da aka fi so akwai wanda ake kira Flying Scotsman. An ƙera shi a Doncaster a 1923, zanen injiniya Nigel Gresley. A 1928 ya tashi daga Landan zuwa Edinburgh, mil 392, bai tsaya ko sau ɗaya ba. A 1934 ya yi gudun mil 100 a awa. Da aka yi masa ritaya a 1963, wani attajiri, Alan Pegler, ya saye shi fam 3,000 don kada a yanka shi. Ya kai shi yawo Amurka a 1969, tafiyar ta cinye dukiyarsa, sai da wani attajirin ya dawo da shi gida a 1973. A 2004 gidan tarihin jiragen ƙasa na garin York ya saye shi sama da fam miliyan 2, har da gudummawar talakawa, aka gyara shi ya koma tafiya a 2016. Tsawonsa ƙafa 70 ne, amma ƙaraminsa inci 11 kacal, bai kai kamu ɗaya ba.

Mu ma fa muna da namu tarihin. Jirgi ya iso Kano a 1911, ya iso garinku Ƙaura Namoda a 1929. Shi ya kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa Ikko, shi ya sa aka ga dalar gyaɗa a Kano. Tambayi tsofaffin garinku, za su faɗa maka yadda kasuwa ke ci ranar da jirgi ya shigo. Amma yau kawuna nawa na wancan zamani muka adana don jikokinmu su gani? Da yawa tsatsa ta cinye, wasu sun tafi a kilo. Bature ya adana babban, ya kuma ƙera ƙaramin.

Game da yaronka kuwa, Malam, ni dai shawarata ka ajiye bulalar. Lokacin da nake koyarwa a firamare na lura yaran da suka iya ƙera motar kara ko ta langa-langa sukan yi saurin gane awo da lissafi, domin sai ƙafafun sun zo daidai motar ke tafiya. Ka tsara masa lokaci, na makaranta daban, na gona daban, na karansa daban. In ya ƙara wayo ka kai shi wurin makaniki ko mai walda na kirki. Hornby ma da guntun kwano ya fara, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da fatan ka gamsu. A gaida mutanen Ƙaura, Allah ya ba da kasuwa, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.